Marigayi Likita Dalziel, Mai Tattara Sunayen Itatuwa

Kaɗan ne daga mutanen Dabai suka san sunan Likita John Dalziel, alhali kuwa ya tsinki tsirrai masu yawa a Lardin Kwantagora, wanda ƙasar Zuru take ciki a zamanin nan. An haife shi cikin 1872, ya zo Nijeriya ta Arewa aikin likita a 1905. Duk inda rangadi ya kai shi, sai ya bi diddigin sunan kowane tsiro da amfaninsa. A 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa, aikin da har gobe masana ke dubawa. Daga bisani ya koma lambun Kew a Ingila, inda busassun furanninsa, har da wanda Turawa ke kira okid, suke ajiye. Ya rasu a 1948.