Victor Goldschmidt: Masanin Da Ya Bi Sawun Ƙarfe A Cikin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa ganin ana narka tama ya san ƙarfe kan ware gefe guda, kashin maƙera kuma gefe guda. Da irin wannan lura ce Victor Goldschmidt ya fassara yadda sinadarai suka rarrabu a duniyar nan tun tana narkakkiya.

An haife shi a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1888, ya yi karatu a Norway inda mahaifinsa ke koyar da kimiyyar sinadarai. Yana ɗan shekara 26 ya zama farfesa. A 1923 ya kasa sinadarai gida huɗu: masu bin ƙarfe, masu bin farar wuta, masu zama cikin duwatsu, da masu tashi cikin iska. Zinariya na cikin masu bin ƙarfe, don haka akasarinta ta nutse tare da shi zuwa tsakiyar ƙasa. Ashe tsadarta tana da dalili.

A kan wannan harsashi ne na baya suka ɗora gini. Ƙarfe yana da nau'o'in ƙwayar zarra huɗu masu ɗorewa da ake kira isotof, masu nauyin 54, 56, 57 da 58. Sai bayan rasuwarsa da kimanin shekara hamsin aka samu na'urorin da ke iya auna ɗan bambancin yawansu daga wannan abu zuwa wancan. Da wannan awo ake gano inda ƙarfen ruwan teku ya fito, ko ƙurar hamada ce ko gindin teku, ana kuma binciken yadda hanjin ɗan Adam ke tsotse ƙarfe daga abinci.

Sai dai iliminsa bai kare shi daga zalunci ba, domin Bayahude ne. Ya ajiye kujerarsa ta Jami'ar Gottingen a 1935 saboda tsangwamar 'yan Nazi, ya koma Oslo. Can ma suka same shi. A 1942 aka tsare shi a sansanin Berg, kuma saura ƙiris a sa shi a jirgin ruwan da ya kwashi Yahudawan Norway a hanyarsu ta zuwa Auschwitz. Ya tsere zuwa Suwidin, daga nan Birtaniya, inda ya yi binciken ƙasar noma.

Ya koma Oslo a 1946 jikinsa duk ya lalace, ya rasu ranar 20 ga Maris, 1947. Babban littafinsa bai fito ba sai a 1954.