Karl Hencke, ma'aikacin gidan waya da ya shafe shekara 15 yana neman dutse a sararin sama

A daren 8 ga Disamban 1845, a ƙaramin garin Driesen da ke ƙasar Prussia, wani mutum mai shekara 52 ya ga wani ɗigon haske a inda taswirarsa ta taurari ba ta nuna komai ba. Sunansa Karl Ludwig Hencke. Ba farfesa ba ne, ba kuma ma'aikacin wata cibiyar binciken taurari ba ne. Aikin gidan waya ya yi, kallon sama kuwa sha'awa ce da yake yi a gidansa.

An haife shi ranar 8 ga Afrilun 1793 a Driesen, garin da yanzu ake kira Drezdenko a ƙasar Poland. Yana saurayi ya shiga sojan sa-kai a yaƙin da aka yi da Napoleon, aka ji masa rauni a fagen daga na Lützen a 1813. Bayan nan ya kama aikin gidan waya, daga bisani ya zauna a garinsu, inda ya tanadi madubin hangen nesa.

Tsakanin duniyoyin Mars da Jupita akwai duwatsu da ke kewaya rana, waɗanda masana ke kira astaroyid. Giuseppe Piazzi ya gano na farko, Ceres, a 1801. Pallas ya biyo baya a 1802, Juno a 1804, sai Vesta a 1807. Daga nan shiru. Aka yi ta nema babu nasara, har manyan masana suka haƙura, da yawansu suna ganin huɗun nan su ke nan.

Hencke bai gamsu ba. A 1830 ya soma nasa neman, da dabara mai sauƙin faɗa amma mai wuyar yi. A madubi, astaroyid ba shi da bambanci da tauraro, sai dai shi yana sauya wuri daga dare zuwa dare, taurari kuwa suna nan a jerensu. Don haka sai mutum ya zana taswirar wani yanki na sama, ya dawo ya gwada abin da ido ya gani da abin da takarda ta ƙunsa, ɗigo bayan ɗigo. Shekara 15 ya yi a kan haka. Mahaƙurci mawadaci.

Sai dai ganin dare ɗaya ba hujja ba ne. Ceres kansa ya taɓa ɓacewa a hasken rana bayan 'yan makonni da gano shi, sai da Carl Friedrich Gauss ya lissafa hanyar kewayawarsa sannan aka sake samunsa a ƙarshen 1801. Saboda haka Hencke bai rufe abin da ya gani ba. Ya bayyana shi, labari ya kai ga Johann Franz Encke, shugaban cibiyar kallon taurari ta Berlin. Cikin 'yan kwanaki aka ga ɗigon a can, ya kuma matsa daga inda yake. Cibiyoyin Turai suka ci gaba da bin sa suna auna matsayinsa, har aka fitar da hanyarsa, aka tabbatar yana kewaya rana cikin shekara huɗu da ɗan ɗori. Aka raɗa masa suna Astraea. Shirun shekara 38 ya ƙare.

Sarkin Prussia, Friedrich Wilhelm na Huɗu, ya yanka wa Hencke fansho na shekara-shekara. Ranar 1 ga Yulin 1847 ya sake gano wani, Hebe, wanda ya nuna na farkon ba sa'a ba ce kawai. A wannan shekarar John Russell Hind ya gano biyu a Landan, Iris da Flora, kuma tun daga lokacin neman bai sake tsayawa ba. Yawansu ya sa aka daina lissafa su cikin manyan duniyoyi, aka koma ba su lamba. Astraea shi ne na 5, Hebe na 6. A yau waɗanda aka sani sun haura miliyan ɗaya.

Hencke ya rasu ranar 21 ga Satumban 1866 a Marienwerder, wato Kwidzyn ta yau. Wani astaroyid mai lamba 2005 yana ɗauke da sunansa. Har gobe, wanda ya ga sabon dutse a sama ba a karɓar maganarsa sai wasu sun bi sawu sun gani da idonsu, kamar yadda Berlin ta yi wa ma'aikacin gidan wayar Driesen.