Tarihin Dorugu

Dorugu mutumin ƙasar Damagaram ne, aka kama shi bawa tun yana yaro. A Kukawa wani Bature ya 'yanta shi, daga baya ya zama baran Abdulkarim, watau Dokta Barth. Da shi aka ratsa Gwandu da Birnin Kebbi cikin 1853, za su Tumbutu. Cikin 1855 suka sauka Landan, ba dangin iya ba na baba, sai abokin tafiyarsa Abega. Da Abega ya komo gida, ya saura shi kaɗai cikin Turawa. Bai yi zaman banza ba, ya faɗa wa Schön labarinsa da tatsuniyoyi, aka buga su cikin Magana Hausa. Ya komo cikin 1864, ya rasu a Kano cikin 1912.