Stu Ungar

Stuart Errol Ungar (8 ga Satumba, 1953 – 22 ga Nuwamba, 1998), wanda aka fi sani da Stu Ungar, ɗan wasan karta ne ɗan ƙasar Amurka da ya yi fice a wasannin poka da gin rummy. Ya lashe babbar gasar World Series of Poker ta birnin Las Vegas har sau uku, a shekarun 1980, 1981 da 1997. Da yawa daga cikin masana wasan suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa gwaninta a zamaninsa. Duk da miliyoyin dalolin da suka ratsa hannunsa, caca da shan hodar iblis sun cinye dukiyarsa, ya mutu yana da shekara 45 ba tare da ya bar abin kirki ba.

Farkon rayuwa

An haifi Ungar a birnin New York, a gidan Yahudawa, ya kuma tashi a unguwar Lower East Side ta Manhattan. Mahaifinsa, Isidore Ungar, yana da mashaya wadda a bayan fage gidan caca ce, kuma yana karɓar cacar wasanni tare da ba da bashi da ruwa. A nan yaron ya fara kallon manya suna buga karta. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa da saurin lissafi, kuma yana ɗan shekara 10 ya ci wata gasar gin rummy.

Mahaifinsa ya mutu sakamakon bugun zuciya kafin Ungar ya cika shekara 15, daga baya kuma mahaifiyarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya bar makaranta bai kammala sakandare ba, ya koma buga karta don ciyar da gida. A wannan lokacin ne ya shiga hannun Victor Romano, wani mutum mai alaƙa da 'yan mafiya, wanda ya zame masa uban gida, yana haɗa masa wasanni yana kuma kare shi daga waɗanda bakinsa ya ɓata wa rai, domin Ungar ya saba yi wa wanda ya cinye ba'a a gaban mutane.

Gin rummy

Kafin ya kai shekara 25, sunansa ya karaɗe New York a wasan gin rummy, wanda mutum biyu ke bugawa, kuma nasara a cikinsa ta dogara ga tuna kartar da ta fita da kuma gane abin da abokin karawa ke riƙe da shi. An ruwaito cewa ya ci Harry Stein, ɗaya daga cikin manyan gwanayen lokacin, wasa 86 ba ko ɗaya. Sai dai abin da yake samu a teburin karta yana zubar da shi ne a cacar tseren dawaki. Bashi ya sa ya bar New York zuwa Miami, sannan ya isa Las Vegas a shekarar 1977.

A Las Vegas gwanintarsa ta zame masa matsala. Mutane sun daina yarda su zauna da shi, ko da ya yi musu rangwame, kuma masu shirya gasa sun roƙe shi ya daina shiga saboda sunansa na korar 'yan wasa. Gidajen caca ma sun hana shi buga blackjack saboda yadda yake ƙirga kartar da ta rage. Rashin abokin karawa ne ya tura shi zuwa poka.

Gasar poka

Benny Binion ne ya fara World Series of Poker a shekarar 1970 a gidan cacarsa mai suna Horseshoe. A babbar gasar, kowane ɗan wasa yana biyan dala 10,000 kuɗin shiga, a ba shi kwabban wasa daidai da na kowa. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita ke nan, ba damar sayen wasu. Ana ƙara yawan kuɗin da dole a zuba a kowane zagaye yayin da lokaci ke tafiya, don haka mai zaman jiran karta mai kyau kaɗai a hankali yake ƙarewa. Ana ci gaba har kwabban duka su taru a gaban mutum ɗaya. Nau'in da ake bugawa shi ne Texas Hold'em marar iyaka, inda ɗan wasa ke iya tura duk abin da ke gabansa a lokaci guda.

Wannan tsari ya dace da halin Ungar. Yana yawan zuba kuɗi masu nauyi, yana burga ko da kartarsa ba ta da ƙarfi, yana kuma matsa wa duk wanda ya ga alamar tsoro a tare da shi. A 1980, bai daɗe da fara buga Hold'em ba, ya shiga gasar cikin mutum 73, ya kai ƙarshe tare da Doyle Brunson, wanda ya riga ya lashe ta sau biyu. Ungar ya yi nasara da karta biyar a jere daga ɗaya zuwa biyar, ya karɓi dala 365,000. Yana da shekara 26, shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya ci gasar zuwa lokacin, kuma ƙaramin jikinsa da fuskarsa ta yara suka sa aka yi masa laƙabi da The Kid, wato Yaro.

A 1981 ya sake lashe ta bayan ya doke Perry Green, ya samu dala 375,000. A shekarar kuma ya ci wata gasar ta Deuce to Seven, sannan a 1983 ya ci ta Seven Card Stud. Ya kuma lashe babbar gasar Super Bowl of Poker ta Amarillo Slim, wadda a lokacin ita ce ta biyu a daraja, a 1984, 1988 da 1989.

Iyali da shaye-shaye

Ungar ya yi aure a 1982, aka haifa masa 'ya mace a shekarar, ya kuma riƙi ɗan matarsa a matsayin ɗansa. Auren ya mutu a 1986. A 1989 agolan nasa ya kashe kansa, abin da ya girgiza shi ƙwarai.

Ya fara shan hodar iblis ne don ya iya daɗewa a teburin wasa ba tare da barci ba, daga nan ta kama shi. A gasar 1990 yana kan gaba da tazara mai yawa sai aka same shi a sume a ɗakinsa na otal. Bai koma teburin ba, amma saboda yawan kwabbansa, ko da aka riƙa cire masa kuɗin kowane zagaye, sai da ya ƙare a matsayi na tara. Kuɗin da ya ci a karta kuwa yawanci yana ƙarewa ne a cacar wasanni da ta dawaki, inda gwanintarsa ba ta da amfani.

Nasarar 1997

A 1997 bashi ya yi masa katutu, ba shi da kuɗin shiga gasar. Abokinsa Billy Baxter ne ya biya masa dab da a rufe rajista. Mutum 312 ne suka shiga. An buga teburin ƙarshe a waje, a titin Fremont, kuma Ungar ya bayyana da tabarau mai launin shuɗi don ya ɓoye yadda hoda ta lalata masa hanci, yana ɗauke da hoton 'yarsa. Ya doke John Strzemp, a wannan karon ma da jerin karta daga ɗaya zuwa biyar, ya ci dala miliyan ɗaya wadda suka raba da Baxter. Kafin shi Johnny Moss kaɗai ke da kambun sau uku, kuma na farkon Moss, a 1970, ta hanyar ƙuri'ar 'yan wasa aka ba shi.

Cikin 'yan watanni kasonsa ya ƙare. A 1998 Baxter ya sake yi masa tayin biyan kuɗin shiga, amma bai fito ya kare kambunsa ba saboda halin da jikinsa ke ciki.

Mutuwa

A ranar 22 ga Nuwamba, 1998, an tsinci gawarsa a wani ɗaki na Oasis Motel, ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, da 'yan ɗaruruwan daloli a tare da shi. Binciken likita ya nuna cewa ciwon zuciya ne ya kashe shi, wanda shekarun shaye-shaye suka haifar. Abokansa 'yan wasa ne suka yi karo-karo don biyan kuɗin jana'izarsa, aka binne shi a Las Vegas.

Bayan mutuwarsa

An saka sunan Ungar a zauren girmamawa na Poker Hall of Fame a 2001. Gaba ɗaya ya ci munduwar zinariya biyar ta World Series of Poker. A 2003 aka fitar da fim ɗin High Roller: The Stu Ungar Story, inda Michael Imperioli ya fito a matsayinsa, sannan a 2005 Nolan Dalla da Peter Alson suka wallafa tarihin rayuwarsa mai suna One of a Kind.