Waliyi Severinus Bowetiyus, Masanin da Ya Sami Ta'aziyya a Kurkuku

Ranar 23 ga watan Oktoba ta kowace shekara Ekklesiyar Pabiya da ke arewacin Italiya takan tuna da wani waliyi wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Shi ba firist ba ne, ba kuma bishop ba. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, babban ma'aikacin gwamnati kuma masanin falsafa, wanda ya rasa ransa saboda ya tsaya wa mutumin da aka yi wa ƙazafi.

An haifi Bowetiyus wajen shekara ta 480, a gidan Anisi, ɗaya daga cikin manyan gidajen birnin Roma da suka daɗe da karɓar bangaskiya. Mulkin sarakunan Roma na yamma ya riga ya faɗi a 476, kuma daga 493 Italiya ta koma hannun Tiyodorik, sarkin kabilar Ostirogot, wanda ya zauna a Rabenna. Mahaifin Bowetiyus ya rasu yana yaro, sai wani dattijon majalisa mai suna Simmakus ya ɗauke shi ya rene shi, daga baya ya aurar masa da 'yarsa Rustikiyana.

A zamanin nan masu jin Helenanci sun yi ƙaranci ƙwarai a yamma. Bowetiyus ya ga cewa idan ba a yi wani abu ba, hikimar magabata za ta ɓace. Saboda haka ya ƙudura niyyar juya dukan littattafan Aristotal da na Filato zuwa Latin. Bai cika wannan buri ba, amma littattafan Aristotal kan ilimin kafa hujja da ya fassara, tare da waɗanda ya rubuta kan lissafi da kiɗa, su ne makarantun Turai suka dogara a kansu ɗaruruwan shekaru. Ya kuma rubuta gajerun littattafai biyar kan tauhidi. A cikinsu ya yi bayanin Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kuma kare koyarwar Majalisar Kalsidon ta 451, cewa Yesu Kristi ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum.

Ɗaukaka ta zo masa da wuri. A 510 aka naɗa shi konsul, muƙami mafi daraja a Roma. A 522 aka naɗa 'ya'yansa maza biyu konsul a lokaci guda, shi kuma sarki ya sa shi shugaban ma'aikatan fada. Sai dai akwai tsoro a zuciyar sarki. Tiyodorik mabiyin koyarwar Ariyus ne, wadda ta musanta cewa Ɗa daidai yake da Uba, yawancin talakawansa kuwa Katolika ne. Da Roma da Konstantinoful suka sulhunta a 519 bayan doguwar rarrabuwa, sai ya fara zargin manyan Roma da haɗa baki da sarkin gabas. A 523 aka ƙarar da wani ɗan majalisa mai suna Albinus bisa laifin cin amanar ƙasa. Bowetiyus ya tashi a gaban sarki ya kare shi, yana sane da abin da hakan zai iya jawo masa. Nan take zargin ya koma kansa. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a Pabiya, aka yanke masa hukuncin kisa ba tare da an saurare shi ba.

A cikin wannan ƙunci ne ya rubuta littafinsa mafi shahara, Ta'aziyyar Falsafa. Ya siffanta Falsafa a matsayin wata dattijuwa da ta ziyarce shi tana yi masa magani da tambayoyi. Ta tuna masa cewa sa'a juyawa take yi kullum, wanda ke sama yau gobe yana ƙasa, kuma dukiya da sarauta da suna aro ne, mai aro kuwa ba ya kuka idan an karɓi abin da ba nasa ba. Alheri na gaskiya, wanda ba sarkin da zai iya ƙwacewa, shi ne Allah kansa. Bowetiyus ya kuma fuskanci tambayar da ke damun kowane mai shan wahala: idan Allah ya san kome tun farko, ina amfanin addu'a da ƙoƙari? Amsarsa ita ce Allah ba ya cikin zamani kamar mu. Jiya da yau da gobe duka a buɗe suke a gabansa lokaci guda, kuma ganin mutum yana tafiya ba shi ne tilasta masa tafiya ba. Don haka 'yancinmu yana nan, addu'armu kuma ba banza ba ce.

An kashe shi wajen shekara ta 524. Ba da daɗewa ba aka kashe surukinsa Simmakus, kuma a 526 Paparoma Yohanna na Ɗaya ya rasu a tsare a Rabenna. A wannan shekarar Tiyodorik ma ya mutu.

Littafin da aka rubuta a kurkuku ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi karantawa a Turai har kusan shekara dubu. Waliyi Toma Akwinas ya yi sharhi a kan rubuce-rubucensa na tauhidi, Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta Ingila kuma ta fassara Ta'aziyyar Falsafa a 1593. A 1883 Paparoma Leo na Goma Sha Uku ya amince da girmama shi da mutanen Pabiya suke yi a matsayin shahidi. Kabarinsa yana cikin majami'ar Waliyi Bitrus a Pabiya, inda ƙasusuwan Waliyi Agustin ma suke.

Wanda ke riƙe da muƙami a cikinmu ya tambayi kansa ko zai buɗe baki ranar da aka yi wa abokin aikinsa sharri. Wanda kuma aka zalunta, ko yake tsare ba da haƙƙinsa ba, ya sani yana da ɗan'uwa da ya riga shi bin wannan hanya. Waliyi Severinus Bowetiyus, ka yi addu'a dominmu. Amin.