Abdus Salam, Masanin Da Ya Nemi Asalin Ƙarfin Halitta

Yau filinmu zai kawo tarihin Abdus Salam, wanda aka haifa a lardin Punjab cikin 1926, ya taso a garin Jhang, ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Kambirij ta Ingila.

Masana sun ce ƙarfi huɗu ne ke riƙe da halitta: na jan ƙasa, na lantarki da maganaɗisu, sai biyu da ke cikin ƙwayar zarra, mai tsanani da mai rauni. Salam ya nuna da lissafi cewa na lantarki da mai raunin nan asalinsu ɗaya. Saboda haka aka ba shi lambar Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg, kuma gwajin da aka yi kusa da Janiba a 1983 ya gaskata su.

Bai tsaya nan ba. A 1974 shi da Jogesh Pati suka nemi shigar da ƙarfi mai tsanani cikin haɗin. A wannan shekara kuma shi da John Strathdee suka tsara lissafin nazarin da ke cewa kowace ƙwaya tana da abokiyar tagwaicinta, nazarin da daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da jan ƙasa. Da daidaiton tagwayen cikakke ne da tuni an gan su, don haka masana suka ce ya karye, abokan sun yi nauyi ƙwarai. Har yau ba a gano ko ɗaya ba.

Salam ɗan Ahmadiyya ne, aƙidar da malamanmu suka yi watsi da ita. Da majalisar Pakistan ta fitar da mabiyanta daga Musulunci a 1974, sai ya bar ƙasar. Saɓaninmu da shi a aƙida a fili yake, amma lissafinsa da gwaji ake auna shi.

A 1964 ya kafa cibiyar bincike a Trieste ta Italiya domin masanan ƙasashe matalauta. Ya rasu a Okisfod a 1996.

Ɗalibanmu na Kwalejin Husaini Adamu ta Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Ɓaɓura, ku lura: ɗan ƙaramin gari ne ya yi wannan aiki, kuma da sauran da ba a gama ba. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.