Ralph Teetor, makahon da ya koya wa mota riƙe gudu

Wani ɗan uwana da ke aiki a Jidda ya turo mota gida, a jikin sitiyarinta akwai wani ɗan maɓalli. Ranar da muka taso daga Sinja za mu Dindir, yaron da ke tuƙi ya danna shi, ya ɗage ƙafa daga totur, ya juyo yana ce min ai yanzu motar ce ke tuƙa kanta. Wallahi ba don na daka masa tsawa ba, da mun afka cikin garken shanu. Tun daga ranar na shiga neman wanda ya ƙirƙiro abin. Ashe makaho ne.

Sunansa Ralph Teetor, an haife shi a 1890 a Hagerstown, wani ƙaramin gari a jihar Indiyana ta Amurka. Yana ɗan shekara 5 wuƙa ta soke shi a ido, ciwon ya kama ɗayan, ya makance gaba ɗaya. Danginsa maƙera ne masu gyaran keke da injuna, shi kuwa da yatsu ya koyi ƙarfe. Ya gama karatun injiniya a Jami'ar Pensilbaniya a 1912. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya ya yi aikin daidaita injinan jiragen ruwan soja, yana gane karkacewa da tafin hannu. Daga baya ya shugabanci kamfanin gidansu, Perfect Circle, mai ƙera zoben fistin.

Danginsa suna ba da labarin cewa lauyansa ne ya ishe shi: in yana magana sai ya rage gudu, in yana saurare sai ya taka. Wanda ba ya gani a jikinsa yake jin wannan jijjiga. Ga shi kuma a yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ƙayyade gudu a mil 35 cikin awa, kusan kilomita 56, don tsimin mai da taya.

A 1950 ya samu takardar mallakar na'urarsa. Aikinta kaɗan ne. Direba ya zaɓi gudun da yake so, in ya kai nan sai totur ya yi masa tauri a ƙafa. Bayan haka aka ƙara makullin da ke riƙe gudun, kana taɓa birki ya saki. Ba ta ganin hanya, ba ta san rami ba, balle amalanken jaki.

Shi Teetor Speedostat ya sa mata, wato mai tsayar da gudu, daidai da yadda muke cewa da Larabci musabbitus sur'a. Amma da kamfanin Chrysler ya saka ta a motocinsa a 1958, sai ya raɗa mata Auto-Pilot, sunan da aka aro daga jirgin sama. Cadillac kuma ya kira ta Cruise Control. Ni a ganina sunan makahon ya fi gaskiya, na 'yan kasuwa kuwa ya yi alkawarin da na'urar ba ta iya cikawa.

Rigimar ba ta mutu ba. Tesla ya dawo da sunan Autopilot, a 2020 wata kotu a Munik ta Jamus ta ce tallansa yana ruɗar masu saye, a Disambar 2023 kuma kamfanin ya yi wa motoci sama da miliyan 2 gyara a Amurka don su riƙa matsa wa direba ya kula da hanya.

Teetor bai ga wannan ba. Ya rasu a Fabrairun 1982 yana da shekara 91. Yaron namu dai na hana shi taɓa maɓallin har muka shiga Dindir.